Zaɓen 1959: ta yaya jam'iyyar da ta zo ta uku a ƙuri'u ta kafa gwamnati?

Bakatsine: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga manyanmu masana tarihi. Zaɓen tarayyar Nijeriya na ranar Asabar 12 ga Disamba 1959, wanda ya fitar da majalisar da ta karɓi mulkin kai, ga yadda alkalumansa suke: NCNC ta Zik ta samu ƙuri'a wajen miliyan 2.6, AG ta Awolowo kusan miliyan 2, NPC ta Sardauna miliyan 1.9 da ɗoriya, NEPU ta Malam Aminu dubu 509. Amma da aka zo kujeru, cikin 312, NPC ta kwashe 134, NCNC 81, AG 73, NEPU 8, saura ƙananan jam'iyyu da 'yan indipenda suka raba. Wato wadda ta zo ta uku a yawan ƙuri'a ita ta zo ta ɗaya a kujeru, da tazara ma. Mu da muke kukan maguɗi yau, ashe gadonsa muka yi? Ko akwai abin da ban gane ba?

Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. Ba maguɗi ne ya kawo wannan lissafin ba, Bakatsine, tsari ne. Abu biyu za ka riƙe. An raba kujeru bisa yawan jama'a na ƙidayar 1952 zuwa 1953, Arewa ta samu 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. A ƙidaya an ƙirga kowa, maza da mata da yara. Amma a ranar zaɓe matan Arewa ba su da ƙuri'a, na Kudu kuwa suna da ita. Ka ga ke nan mazaɓa ɗaya a Sakkwato da mazaɓa ɗaya a Onitsha mutanensu na iya zuwa ɗaya, amma masu jefa ƙuri'a a ta Onitsha sun kusa ninka na Sakkwato. In ka tara ƙuri'un ƙasa gaba ɗaya dole jam'iyyun Kudu su yi sama. Na biyun kuma, tsarin Ingila aka bi, kowace mazaɓa mutum ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ɗaya ne ya cinye.

'Yar Zariya: Yawwa Malam, ka faɗi abin da nake jira. An ƙirga kakanninmu mata an karɓo kujeru da kawunansu, sannan aka ce su zauna a ɗaka. Ni wannan ya fi ci mini rai a kan duk wani zancen maguɗi.

Ɗan Sardauna: Hajiya a yi mana adalci mana. Kina auna 1959 da ma'aunin yau. Lokacin nan ko makarantar boko da ƙyar ake kai 'ya'ya mata. Shugabannin NPC sun duba halin jama'arsu ne, ba su so a ta da husuma da malamai da sarakuna ana dab da karɓar mulki. Kuma ki tuna wannan ne karon farko da aka yi zaɓen tarayya kai tsaye a duk faɗin Arewa. A 1954 hawa-hawa aka yi, a zaɓi wakilai su zaɓi wasu su ma su zaɓi wasu. Daga wannan zuwa kowane namiji baligi ya je ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa, ai an yi tafiya.

'Yar Zariya: Ba da ma'aunin yau nake aunawa ba, da ma'aunin Gambo Sawaba nake aunawa, ita kuwa 'yar zamanin ce. A wannan lokacin take yawo gari-gari tana cewa a ba mata ƙuri'a, ana kama ta ana ɗaurewa, ta fito ta ci gaba. NEPU ma a matsayinta na jam'iyya ta goyi bayan haka. Saboda haka kada a ce babu wanda ya yi tunanin abin. An yi, ƙi aka yi. Sai 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, shi ma soja ne suka kawo, na tarayya kuwa sai 1979.

Ɗan Maraɗi: In sa baki daga wannan ɓangaren iyaka. Mu a Nijar tun dokar Faransa ta 1956 aka ba kowa ƙuri'a, mace da namiji. Mace a Maraɗi tana da ƙuri'a, 'yar uwarta a Jibiya ba ta da, ga addini ɗaya ga al'ada ɗaya. To ban ga yadda za a jingina wa al'ada ba. Amma kada ku zaci mun fi ku morewa, don a 1959 ɗin nan ne aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, muka wayi gari da jam'iyya ɗaya tal. Ku aƙalla NEPU ta shiga zaɓe har ta ci kujeru.

Ɗan Sardauna: To ku tsaya in tambaye ku. Da an ba matan ƙuri'a, wa kuke jin za su zaɓa? Yawancinsu abin da maigida ya zaɓa shi za su zaɓa. Da ƙuri'un NPC sun ninka, da ita ce ta ɗaya a kujeru kuma ta ɗaya a ƙuri'u, da ma Bakatsine bai samu tambayar yi ba. Hana mata zaɓe NPC ya rage wa alkalami, ba abokan hamayyarta ba.

Malamin Makaranta: A lissafi kana da gaskiya, in dai mun yarda da wannan "da" ɗin naka. Amma ba mu da hujjar cewa haka za su yi.

'Yar Zariya: In sun tabbata haka za mu yi me ya hana su ba mu?

Dattijon Fagge: 'Ya'yana, kun daɗe a kan alkaluma. Ni ina yaro aka yi zaɓen nan, ban isa jefa ƙuri'a ba, amma gidanmu gidan NEPU ne, kuma abin da idona ya gani ba a takarda na karanta ba. Ba irin zaɓen yanzu ba ne da ake ba ka takarda ka dangwala. Kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki. NPC fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara, AG bishiyar kwakwa. Akwatunan suna cikin wani ɗaki ko bayan labule, a ba ka takarda ka shiga kai kaɗai ka jefa a wanda kake so. A ido asiri ne. Amma kafin ranar, mai unguwa ya riga ya bi gida-gida. An riga an tsoratar da mutanen ƙauye cewa duk inda ka jefa za a sani. Talaka da gonarsa ke hannun dagaci, harajinsa dagaci ke yankawa, shari'arsa tana gaban alƙalin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, ka ce masa asiri ne?

Mahaifina tela ne. Ana gab da zaɓe suka je lacca wani gari a bayan birni, 'yan doka suka watsa taron wai ba su da izini, alhali izinin sun nema an yi ta ja musu rai. Aka gurfanar da su gaban wani alƙali, kafin azahar an gama shari'a. Ba lauya, don a lokacin lauya ba ya shiga kotun alƙali. Ya dawo an aske masa kai ƙwal, kekensa na ɗinki kuwa mun riga mun sayar mun ci abinci. Ranar zaɓe yana tsare. Ƙuri'arsa ba ta cikin dubu 509 ɗin da Bakatsine ya kawo, kuma irinsa suna da yawa. Saboda haka in Malamin Makaranta ya ce tsari ne ba maguɗi ba, na yarda ba a cusa takardu a akwati a gabana ba. Amma zaɓen an gama rabinsa tun kafin a buɗe rumfa.

Malamin Makaranta: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da nake nufi shi ne ranar zaɓen kanta da ƙirgar, waɗanda hukumar zaɓe ƙarƙashin wani Bature, R. E. Wraith, ta gudanar, ba su ne suka jawo bambancin ƙuri'a da kujeru ba. Abin da En'e ta yi wa 'yan hamayya kafin ranar wani babi ne, kuma babba.

Ɗan Sardauna: Baba, da girmanka, Allah ya jiƙan mahaifinka. Amma a faɗi ɗaya ɓangaren. 'Yan NEPU su ma ba waliyyai ba ne. A lacca suna kama sunan sarki su zage shi tas, yaransu na jifa. Kuma in tsoro ne kaɗai ya sa aka zaɓi NPC, ta yaya Malam Aminu ya ci Kano ta Gabas? Ta yaya AG ta ci kujera 25 a Arewa? Ashe dai inda mutane suka ƙi, sun ƙi. Jama'a da yawa sun zaɓi fartanya ne don suna tsoron in Bature ya tafi 'yan Kudu za su mamaye ofisoshi, su kuwa sun ga Sardauna yana tura 'ya'yansu makarantu yana ba su aiki. A watan Maris na shekarar nan Arewa ta samu mulkin kanta. Mutum ya zaɓi wanda yake ganin zai tsare masa gida, wannan ba tsoron dagaci ba ne.

Dattijon Fagge: Zagin sarki da ɗaurin wata shida ba ɗaya ba ne, ɗana. Kuma 'yan Mahaukata, 'yan bangar nan masu goyon bayan NPC da suka addabe mu a Kano, ba NEPU ta tara su ba.

Bakatsine: Tsaya, AG ta ci 25 a Arewa? Ta ninka NEPU sau uku ke nan. Ni na zaci NEPU ce babbar 'yar hamayya a nan.

Mutumin Gboko: Gara da aka zo nan, don in ana hirar 1959 a zauren nan sai a yi kamar Arewa daga Kano sai Sakkwato. Yawancin kujerun nan 25 daga wajenmu suka fito, ƙasar Tibi da Filato da sauran yankunan tsakiya, ta hanyar ƙawancen AG da UMBC, jam'iyyar yankin tsakiya ta Joseph Tarka. Mu ba Awolowo muka zaɓa don ƙaunarsa ba. Jiha muke so tamu. Kwamitin Willink ya zagaya a 1957 da 1958 ya saurari ƙananan ƙabilu, ya ƙare bai ba da shawarar a ƙirƙiro jihohi ba. AG ta zo ta ce in ta ci za ta yi. Shi ke nan dalilin. A Barno ma Ibrahim Imam da 'yan BYM, ƙungiyar matasan Barno, da AG suka tafi. Da aka faɗi zaɓe kuma En'e ta juyo kan waɗanda suka yi hamayya, abin da ya biyo baya a ƙasar Tibi a 1960 kowa ya sani, ƙone-ƙone da kashe-kashe, aka sake a 1964.

Malamin Makaranta: Wannan shi ne amsar tambayarka ta biyu, Bakatsine. A Arewa ƙuri'un AG da na NEPU ba su da nisa da juna. Bambancin, na AG a dunƙule suke a wuri ɗaya, sai suka zama kujeru. Na NEPU a warwatse suke a Kano da Katsina da Zariya da Bauci da Jos, tana zuwa ta biyu a mazaɓu da dama, ta biyu kuwa ba ta da lada a wannan tsarin. Raba ka gani: NPC kowace kujera ta zo mata a kan ƙuri'a wajen dubu 14, NEPU kuwa sama da dubu 63. NPC ta samu wajen kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un Arewa amma ta tafi da kashi 77 na kujerunta. In akwai wanda tsarin ya fi cuta, ba Zik ba ne ba Awo ba ne, talakan da ya jefa a akwatin tauraro ne. Ga kuma wuraren da AG da NEPU suka tsayar da 'yan takara a mazaɓa ɗaya suka raba ƙuri'ar hamayya.

Dattijon Fagge: Awo kam ya kashe kuɗi. Jirgi mai saukar ungulu ya riƙa sauka da shi a filayen ƙauye, wani jirgin kuma yana rubutu da hayaƙi a sama. Mu yara mu bi da gudu babu ko takalmi. Filin ya cika maƙil, sai dai masu kallon jirgi sun fi masu sauraron lacca. Amfaninsa ɗaya, ya tilasta wa manyan NPC fitowa su shiga ƙura suna roƙon talaka ƙuri'a, abin da ba su saba ba.

Lauyan Zaure: Ni inda nake so a duba daban ne. Rinjaye a majalisa mai kujera 312 shi ne 157. NPC ba ta kai ba, ko bayan da 'yan indipenda da ƙananan jam'iyyu suka koma wajenta ta haura 140. NCNC da NEPU 89, AG 73, in ka haɗa 162. Wato Zik da Awo suna iya kafa gwamnati su bar NPC a hamayya, kuma AG ta miƙa wannan tayin, Zik ya zama Firayim Minista. Amma Gwamna-Janar Sir James Robertson ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati tun ba a gama daidaita ƙawance ba. A nan ne masu cewa Turawa sun fifita Arewa suke kafa hujja, kuma ba za ka ce ba su da abin riƙewa ba.

Ɗan Sardauna: Barista, ai al'adar majalisar Ingila ce a fara kiran jam'iyyar da ta fi kujeru. Kuma Ɓalewa shi ke kan kujerar tun 1957. Wa kake so a kira, wanda ya zo na uku?

Lauyan Zaure: Al'adar ita ce a kira wanda ake ganin zai samu goyon bayan mafi yawan 'yan majalisa. Ba lallai mai kujeru mafi yawa ba. Gaggawar ce abin tambaya.

Malamin Makaranta: Gaggawar ta sa NCNC a gaban zaɓi ɗaya, gaskiya ne, amma ban yarda Robertson ne ya hana haɗuwar Zik da Awo ba. Su suka hana kansu. Zik bai manta 1951 ba, lokacin da yake ganin zai jagoranci majalisar Yamma aka wayi gari 'yan majalisa sun koma AG. 'Yan NCNC na Yamma, waɗanda suka kawo kujera 21, kullum cikin faɗa suke da AG a gida, ba za su zauna inuwa ɗaya da ita ba. AG kuma ta shiga Gabas ta ci 14 da alkawarin yanke wa ƙananan ƙabilun can jiha, wannan ma ya ɓata wa NCNC rai. Sannan kowa yana tuna 1953, rikicin Kano da shirin Arewa na neman a sassauta tarayya har ta kusa zama rabuwa. Tun taron Ibadan na 1950 ma Sarkin Zazzau da na Katsina suka ce in ba a ba Arewa rabin kujeru ba gara a raba. Gwamnatin Kudu zalla wata tara kafin mulkin kai, da wuya Kaduna ta zauna ta zuba ido. NPC da NCNC kuwa sun riga sun yi aiki tare a gwamnati tun bayan zaɓen 1954.

Bakatsine: To Malam Aminu fa? NEPU ƙawar NCNC ce, NCNC ta shiga gwamnati da NPC. Ya aka yi ke nan?

Dattijon Fagge: Ka taɓo inda yake mana ciwo. Aka wayi gari a Ikko muna ɓangaren gwamnati, har Malam ya zama mataimakin mai tsawatarwa na gwamnati a majalisa, a gida kuwa ana ci gaba da kama mu. Kura da ɗan akuya a turke ɗaya. Wasu cikinmu sun ce a fice, wasu suka ce Zik ne kaɗai garkuwarmu, in muka sake shi wa zai ɗauko mana lauya in an ɗaukaka ƙara? Magana ta Allah NCNC ta sayar da mu, ta karɓi ma'aikatar kuɗi ta ba Okotie-Eboh, Zik ya zama shugaban majalisar dattawa, daga baya Gwamna-Janar a Nuwamban 1960. Mu muka tashi da tauraro a hula.

Mutumin Gboko: Shi ya sa daga baya Malam Aminu da Tarka suka haɗe kafin zaɓen 1964. Da sun yi haka tun 1959 da lissafin Arewa ya ɗan canza.

Ɗan Sardauna: Da ya ɗan canza, amma ba zai kifar da 134 ba. Kuma ku riƙa faɗin alherin mutum: Sardauna shi ne shugaban jam'iyyar da ta ci, da ya so da shi ne Firayim Minista. Ya zauna Kaduna ya bar wa mataimakinsa. Wane ɗan siyasa ne zai yi haka yau?

Lauyan Zaure: Wannan ana iya karanta shi ta fuska biyu. Ko dai kawaici, ko kuma ya san inda ƙarfin yake. A tsarin lokacin jihohi uku ne ke riƙe da En'e da 'yan doka da kotuna da kuɗin hukumar sayen amfanin gona. Dubi Awo da ya bar Firimiyan Yamma ya tafi tarayya, ya ƙare madugun 'yan hamayya, Akintola ya gaje kujerar, kafin shekara uku jam'iyyar ta dare biyu.

'Yar Zariya: Duk wannan rabon muƙamai da kuke lissafawa, a cikin kujeru 312 ko mace ɗaya babu. Wuraola Esan da ta shiga majalisar dattawa a 1960 naɗa ta aka yi daga Yamma.

Ɗan Mubi: Ƙarin bayani kaɗan, tunda ba wanda ya ambata. Mu a lokacin ba ma cikin Nijeriya sosai, Arewacin Kamaru muke, ƙasar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingila ke riƙo. A Nuwamban 1959 aka yi mana ƙuri'ar raba gardama, mafi yawa suka ce a ɗage maganar zuwa gaba, abin da ya girgiza Kaduna. Bayan wata ɗaya kuma muka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayyar nan. Sai a Fabrairun 1961 aka sake, muka zaɓi Nijeriya, aka kira mu Lardin Sardauna. A ta 1961 ɗin mata sun jefa ƙuri'a, don Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage. Hajiya sai ki ƙara wannan a hujjojinki.

'Yar Zariya: Na gode ɗan'uwa, na adana. Ɗan Sardauna, ka ji, a cikin Arewar ma an yi, sama ba ta faɗo ba.

Ɗan Sardauna: Na ji Hajiya, a wannan kam na sakar miki. Amma maganar cewa NPC ba ta ci zaɓe ba, har gobe ban yarda ba. An shimfiɗa ƙa'ida, duk jam'iyyun sun sa hannu a tarurrukan London na 1957 da 1958, kowa ya san Arewa na da 174 kafin a buga ganga. Awo ya shigo ne don ya san in bai fasa Arewa ba ba zai yi mulki ba. Ya gwada, bai samu yadda yake so ba.

Malamin Makaranta: Kuma daga ranar kowa ya gane cewa wanda ya riƙe ƙidaya shi ya riƙe majalisa. Shi ya sa ta 1962 ta zama rigima har aka soke ta, aka sake a 1963, Gabas ta ƙi amincewa, ƙawancen NPC da NCNC ya fara tsagewa daga nan.

Bakatsine: To Malam, ƙidayar 1952 ɗin ita kanta, wa ya tabbatar da ita? Turawa ne fa suka yi, kuma na ji 'yan Kudu na cewa an kumbura ta.

Dattijon Fagge: Kumburi? A unguwarmu ɓoye yara aka riƙa yi, don an ɗauka ƙarin haraji za a yi. In ma akwai kuskure ta wajen ragi yake.

Shugaban Zaure: Jama'a, zancen ƙidaya dogo ne kuma na san inda yake kai mu. Bakatsine, buɗe masa nasa shafin daban, Malamin Makaranta ya kawo mana alkaluman lardi-lardi in yana da su. Wanda na goge wa sharhi ɗazu ya san dalili, ba a zagin ƙabila a nan.

Mutumin Gboko: In an buɗe a sa ni, ina da magana a kan yadda aka ƙirga Lardin Binuwai.